Harsashin da Takarda Ba Ta Sani Ba

Ranar Alhamis da hantsi aka tsinci gawar Modibbo a gindin tsamiyar da ke bakin burtali, gabas da Aujara. Mata masu tallan nono ne suka fara ganinsa. Da fari sun ɗauka gyangyaɗi yake, don ga carbinsa a hannu, ga sandarsa a jingine. Sai da ɗayarsu ta durƙusa gaishe shi ta ga jini ya jiƙe wuyan rigarsa. Ihun da suka ƙwalla har rugarmu aka ji shi.

Sunana Bubayero, aikina bin sawu. Shekara talatin ke nan, in aka sace saniya tsakanin Jahun da Taura, ni ake aiko wa. Ban san baƙi da fari a takarda ba, amma ƙasa ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, sai dai ni in yi gaggawar karanta ta. Ranar nan kuwa gaggawar na yi, Allah ya yafe mini.

Ko da na isa, jama'a sun cika wurin maƙil, ana ta salati. Modibbo fa! Dattijon da ya koya wa rabin 'ya'yan rugagenmu Fatiha, wanda ko akuya bai taɓa ɗaga wa sanda ba. Na daka musu tsawa na ce kowa ya tsaya inda yake, ƙafafunkun nan sun fi ɓarawo ɓarna. Ardo, shugaban rugagenmu, ya sa aka ja da baya, aka sari ƙaya aka kewaye gindin tsamiyar.

Na sunkuya. Ga sawun babur ya shigo ya fita, tayar baya da faci. Ga sawun takalmin roba mai dogon wuya. Can cikin ciyawa kuma ga kwanson harsashi ɗan mitsitsi, bai kai gaɓar ɗan yatsa ba.

Ardo ya ce, "Na wa ne, Buba?"

Na ce, "Babur ɗin Likita ne."

Da na san abin da maganar nan za ta jawo, da na haɗiye ta. Likita shi ne Dung, malamin dabbobi, mutumin Filato. Tun da aka yi jihar Jigawa yake zaune a Dutse, yana zagaya rugage da allurarsa. Kowa ya san bara bijimin Modibbo ya mutu bayan allura, har suka yi cacar baki a kasuwa. Kowa ya san yana da 'yar ƙaramar bindiga a jakar babur, ta harbin mahaukacin kare. Ga shi kuma makon nan rediyo ba ta da labari sai na rikicin Jos, kuma da yawanmu muna da dangi can. Kafin in rufe baki samari sun zabura.

A ruga ta gaba suka same shi, yana tsugune yana duba bakin maraƙi. Ba don Allah ya kawo Insfekta Kingsley da motarsa ba, da a ranar an yi gawa biyu. Sun riga sun fasa masa kai, Insfekta ya ƙwace shi ya kai ofis ya kulle.

*

Aka binne Modibbo da la'asar. Alhaji Mu'az ne ya kawo likkafani, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Mu'az ɗan yayata Iyatu ne, a hannuna ya tashi bayan rasuwar ubansa. Yanzu ya zama babban ɗan kasuwa, yana loda shanu a tirela zuwa Kudu. Saboda 'yan fashin hanya ya nemi lasisi, yana yawo da bindiga ƙarƙashin riga. Bayan jana'iza, a gaban kowa, ya zaro ta tare da takardarta ya miƙa wa Insfekta, ya ce a fara bincike ta kansa kada wani ya ce an yi son kai. Wallahi a lokacin sai da na ji kaina ya yi girma.

Samari kuwa suka yi rantsuwa. Ranar Asabar za a yi sadakar uku, Fulani za su zo daga ko'ina, kuma daga wurin addu'a ofishin 'yan sanda za a wuce a karɓo Likita.

*

Juma'a da safe ina alwalar walaha aka yi sallama. Wata mace ce doguwa, ta ɗaura ɗankwali, idanunta sun kumbura. Ta ce ita ce Angelina, matar Dung, motar farko ta biyo daga Dutse. Ta zube a gabana.

"Baba, an ce kai ka ga sawunsa."

"Ni na gani, 'yata. Ƙasa ba ta ƙarya."

"Ban ce tana yi ba. Ya je wurin, shi ma bai musa ba. Amma Baba, ka ga zuwansa, ka ga tafiyarsa. Ka ga inda ya yi harbin?"

Na buɗe baki in yi mata faɗa, sai na fasa. Kai, mace ta tsaya a ƙofar bukkata tana koya mini aikina, kuma gaskiya gare ta! Na ɗauki sandata ko kunun da aka dama mini ban sha ba.

Na koma gindin tsamiya ni kaɗai, ba mai tsaya mini a ka. Na bi layin tayar da ta fita a hankali, taku ɗaya, taku biyu. A taku na bakwai na tsaya cak. Sawun takalmin Modibbo ne, mai cinyayyiyar dunduniyar hagu, ya taka a kan layin tayar. A kansa, ba a ƙarƙashi ba. Dattijon ya yi wa baƙonsa rakiya, babur ya tafi, shi kuma ya juyo da ƙafafunsa ya koma inuwa ya zauna.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna daɓas a ƙasa. Mutum yana kulle, an fasa masa kai, gobe za a zo neman ransa, kuma bakina ne ya kai shi.

*

A ƙofar ofishin 'yan sanda na tarar da samari kusan ashirin zaune a inuwar dalbejiya, kowa da sandarsa, suna gadi kada a fitar da Likita. Na wuce su ban ko amsa gaisuwarsu ba.

Insfekta Kingsley mutumin Binuwai ne, ya daɗe a ƙasar nan har Hausa ta zauna a bakinsa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya girgiza kai.

"Malam Buba, na ji. Amma alƙali zai ce ya ajiye babur a gaba ya dawo da ƙafa. Zo ka ga abin da ya ɗaure shi."

Ya buɗe durowa ya shimfiɗa takardu biyu, ya ɗora bindiga a kan kowace.

"Duk yankin nan mutum biyu ke da lasisin ƙaramar bindiga. Kowane lasisi yana ɗauke da sunan mutum, da lambar bindigarsa, da girman harsashin da take ci. Na Likita ya ce ƙaramin harsashi, mai lamba ashirin da biyu. Na Alhaji Mu'az ya ce babba, mai lamba tara. Kwanson da ka tsinta ƙarami ne."

Ya ɗauki wani ƙaramin harsashi ya jefa a bindigar Mu'az. Sai ga shi ya zurare ta baki ya faɗo kan tebur, ƙwal. Ya sa shi a ta Dung, ya zauna daram.

"Ka gani? Ta Alhaji ba za ta iya harba shi ba ko da ta so. Ta Likita kuwa har warin albarushi take, wai kare ya harbe makon jiya."

"Babu mai iya tantancewa ko daga cikinta harsashin ya fito?"

"Akwai, a Ikko. Wata shida in an yi sauri. Ni kuma mutum biyar gare ni, gobe mutum ɗari biyar za su zo. In suka karɓe shi, gawa. In na samu na tsallake da shi Dutse da wannan takardar, igiya."

Na ce a bar ni in gan shi. Dung yana zaune a dandamalin siminti, an naɗe masa kai da bandeji, ido ɗaya ya rufe ruf. Da ya gan ni sai ya yunƙura zai tashi ya gaishe ni. Wannan ya fi zagi ciwo.

"Zauna, Likita. Me ya kai ka wurin Modibbo, ku da ba kwa ga maciji?"

"Baba, mun shirya tun kafin azumi. Shi ya aiko mini. Ya ce akwai garke a nan kusa mai ciwon huhu, an shigo da ciwon daga nesa, in ba a killace garken ba zai kwashe shanun kowa."

"Garken wa?"

"Ya ƙi faɗa. Ya ce mai shi kamar ɗa yake a wurinsa, ya riga ya gaya masa cewa ya kira ni, amma zai ƙara ba shi kwana biyu ko zai kawo kansa. Ya ce in dawo Asabar." Sannan ya ce, "Baba, in abin ya faru, don Allah a raka Angelina da yara tasha. Kada a bar su su kaɗai."

Na juya na fito.

*

Da na zauna na yi tunanin wanda ke da jiƙaƙƙa da Modibbo, sai Malam Baffa manomi ya faɗo mini. Gonarsa ce ke jikin burtali, kuma damina uku a jere suna shari'a gaban Ardo kan shanu sun ci masa gero. Yana da bindiga shi ma. Bayan an sauko daga Juma'a na nufi can.

Na same shi a kan ɗan dandamalin korar tsuntsaye, ƙafarsa ɗaya ta kumbura kamar turmi, an shafe ta da magani.

"To, mai bin sawu, yau ni aka biyo? Bismilla, duba ƙafar. Kwana goma ke nan jaki ke kawo ni, jaki ke mai da ni."

"Bindigarka fa?"

Ya nuna mini ita a rataye, tsohuwar bindigar toka wadda ake ɗura wa tsakuwa. Gizo-gizo har ya yi saƙa a bakinta.

"Da zan kashe Modibbo da baki zan kashe shi, kuma na gwada shekara uku bai mutu ba. Allah ya jiƙansa, yanzu da wa zan yi faɗa?" Sai ga hawaye a gemunsa.

Na tambaye shi abin da ya ji jiya da safe. Ya ce ya ji babur ya zo, ya ji ya tafi. Can an jima ya ji wani abu, tas, kamar an karya kara, bai ko kula ba.

"Abin da ya ɓata mini rai shanun ne. Ku Fulani yaushe kuka fara sakin shanu raɓa ba ta bushe ba? Rana ko mashi biyu ba ta yi ba sai ga garke an koro shi ta burtali a guje, ana ta tari kamar taron tsofaffi. An kai su ƙasa, an kuma dawo da su nan take. Ko ruwa ba su sha ba."

"Wa ya koro su?"

"Gero ya kare ni, ban gani ba."

 Babu makiyayin da zai fitar da shanu a raɓa, ya kai su ya komo ba kiwo ba shayarwa. Wanda ya yi haka sawunsa yake gogewa, kuma ya san wanda za a kira ya bi sawun.

Na sauka burtali na duba kofatai. A cikin ɗaruruwan nan akwai wani bijimi mai karkataccen kofaton dama. Na san shi kamar yadda na san tafin hannuna, don ni na cire masa ƙaya yana maraƙi. A garken Mu'az yake.

Kun san abin da na yi? Ni Bubayero, da na yi shekara talatin ina raina takarda, sai ga ni ina maƙale da ita. Na riƙa ce wa kaina, ai lasisi ya wanke shi, ai da idona na ga harsashi ya zurare. Har gida ina maimaita wannan magana kamar karatu.

*

Asabar da gari ya waye na koma burtali. Shanu suna goge sawun da ke kan hanya, amma mutum ba ya tashi sama, dole akwai inda ya ratse. Na bi gefen dama har ƙasa ban ga komai ba. Na hayo ta gefen hagu. Wajen wani tsohon suri da sabara ta rufe, na ga ciyawa ta kwanta, an kuma tashe ta da hannu. Aikin gwani ne, babu sawu ko ɗaya.

Har na juya zan wuce sai idona ya kai kan kiyashi. Layi guda suka ja, baƙi ƙirin, daga gindin sabara suna shiga wani rami a jikin surin. Kiyashi ba ya wahalar banza, inda ya yi layi akwai maiƙo ko zaƙi. Me zai kai maiƙo cikin mataccen suri a tsakiyar daji?

Na sa sanda na tona. Tsumma ne a ƙulle, ya jiƙe sharkaf da man shanu. A ciki akwai wani ƙarfe mai tsawon tafin hannu da siririn rami a tsakiyarsa, da wani ɗan gidan harsashi. An shafe su da man nan lungu-lungu, yadda muke shafe sanda da takobi in damina ta kama.

Ban san ko mene ne ba, amma na san hannun da ya yi shafar. Soja ko ɗan boko man inji zai sa, wanda kiyashi ko kusa da shi ba ya zuwa. Wannan hannun a ruga ya tashi.

Na daɗe a tsugune. Ba zan ɓoye muku ba, na yi tunanin in mai da shi in toshe ramin, ba wanda ya gan ni sai Allah. Sai na tuna mutumin da ke ƙoƙarin tashi ya gaishe ni da fasasshen kai. Na cusa ƙunshin a aljihu na nufi ofis.

Da Insfekta ya kwance tsumman, sai ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi. Ya goge man da hannun rigarsa, ya kai ƙarfen bakin taga, ya ɗauko takarda ɗaya ya duba, ya sake duba ƙarfen.

"Yesu! Malam Buba, a makarantar horo aka taɓa ba mu labarin irin wannan. Ban taɓa zaton zan gan ta da idona ba." Ya dube ni. "Ka san ta wa ce?"

"Kada ka gaya mini a nan. Ka zo da ita wurin sadaka, ka zo da Likita. In ba a gaban idonsu aka yi ba, ba za su yarda ba."

*

Na riga su isa, na ja Ardo gefe na ce ya ba ni amanar ran mutum ɗaya na sa'a guda. Ya dube ni ya dube ni, sannan ya ce ya bayar.

An shafa addu'a ke nan motar 'yan sanda ta tsaya. Da aka ga Dung ya fito, wurin ya yamutse, sanduna suka tashi sama. Ardo ya miƙe ya ce duk wanda ya taɓa shi, shi ya taɓa. Aka lafa, amma ana huci. Aka shimfiɗa tabarma a tsakiya, Dung ya zauna, aka sauko da Malam Baffa daga jakinsa ya zauna. Na ce Alhaji Mu'az ma ya matso, tunda bindigarsa na cikin waɗanda aka duba. Ya taso da fara'arsa ya zauna.

Na ce, "Jama'a, shekaranjiya na yi muku karatun rabi. Likita ya zo, gaskiya ne. Amma Modibbo ya raka shi, ya taka sawun tayarsa bayan ya tafi. Sawun na nan cikin ƙaya, mai shakka ya je ya duba. Malam Baffa kuwa ga ƙafarsa, ga bindigarsa, ku duba da kanku."

Wani saurayi ya yi ihu daga baya, "Harsashin fa? Takarda ta ce shi kaɗai ke da irinsa!"

Mu'az ya ce a hankali, "Gaskiya ne, Kawu. Kowa ya ji abin da lasisi ya ce."

Na ciro ƙunshin na ajiye a tabarma. Ban dubi kowa ba sai shi. Fara'ar ta ɗauke daga fuskarsa kamar an hure fitila.

Insfekta ya durƙusa ya ɗauki bindigar Mu'az. Ya danna wani abu a gefenta, ya zare samanta gaba ɗaya ya ajiye. Ya ɗauko ƙarfen da na tono ya zura a wurin. Ji kake ƙaras, ya zauna kamar a nan aka haife shi. Ya sa ƙaramin harsashi, ya juya bakin bindigar ƙasa ya girgiza. Bai faɗo ba.



"Wannan bindiga bututu biyu gare ta," in ji Insfekta. "Da ɗaya tana cin babban harsashi, da ɗaya tana cin ƙarami, kuma sauyawar ba ta kai minti guda ba. Takardar lasisi gurbi ɗaya ne da ita na girman harsashi. Ranar da aka kai bindigar rajista, bututun da ke jikinta shi aka rubuta, ɗayan yana gida ba wanda ya tambaya. Amma maƙeran sun buga lamba ɗaya a jikin duka biyun." Ya miƙa wa wani malamin makaranta lasisin da ƙarfen. Malamin ya karanta lambar takarda da ƙarfi, ya karanta ta ƙarfe. Ko ɗigo ba su bambanta ba.

Salati ya ɓarke ko'ina. Wani tsoho ya ɗora hannu biyu a ka yana cewa, "Almajirinsa ne fa! Shi ya sa shi a kabari!"

Na matsa gaban Mu'az. 

"Shanunka ne masu tarin?"

Ya sunkuyar da kai. "Saba'in ne, Kawu. Da an killace su na ƙare. Na roƙe shi ya bari in loda su Kudu, ya ce mutanen can ma mutane ne."

"Ka san Likita zai zo ranar. Ka san girman harsashinsa."

Ya ƙara sunkuyar da kai.

"To, ka gaya mini abu ɗaya. Ka goge sawunka da shanu, ka tashi ciyawa da hannu, ka yi duk abin da na koya maka. Me ya sa ka shafa masa man shanu?"

Ya ɗago ya dube ni, da mamaki a fuskarsa, kamar na yi tambayar wauta.

"Damina ce, Kawu. Zai yi tsatsa."

La'ilaha illallahu!  Mutumin da ya harbi malaminsa a wuya, ya tura bawan Allah bakin igiya, ƙarfe ya tausaya wa. Ban san lokacin da na ja da baya ba. Samarin da suka kwana biyu suna gadin Dung suka tsaya sororo da sandunansu, ba wanda ya iya ɗaga tasa. Insfekta ya cire ankwa daga hannun Dung ya sa a na Mu'az, aka wuce da shi ta tsakiyar jama'a.

Angelina ta ratso taron ta rungume mijinta, sannan ta juyo za ta durƙusa mini. Na ce, "Kada ki soma, 'yata. Ni na sa shi a ciki." Na bar wurin.

*

Na so in je wurin yayata Iyatu ranar, ƙafata ta ƙi. Kashegari ma haka. Labari ya zo mini cewa ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ba ta kuma ambaci sunana ba. Makiyayan Mu'az suka watse, suka bar mata shanu saba'in masu tari. Ba wanda ya yarda ya kusanci garken, kowa na tsoron kwasar wa nasa.

Rana ta tara na daure na tafi. Ina shiga rugar na ji ƙarar babur a bayana. Na waiga. Dung ne, da bandejinsa a ka, da akwatin allura a ɗaure a baya. 

"Likita, me ya kawo ka nan? Ka san rugar wa ce?"

"Na sani, Baba. Modibbo ya ce in dawo in duba su, na ma makara. In ka kama mini, za mu ware masu ciwon kafin azahar. Ina jin za a ceci fiye da rabi."

Na tuɓe riga na kama masa. Muna kayarwa yana dubawa, yana allura, muna warewa. Mutanen da suka fasa masa kai suna tsaye daga nesa suna kallo, can sai ɗaya ya ajiye sandarsa ya zo ya kama ƙaho, sai wani ya biyo shi.

Da rana ta take, Adda Iyatu ta fito daga bukka da ƙwarya a hannu. Ta rame, ta tsufa a kwana tara. Na miƙe na ce, "Adda, ina wuni." Ta wuce ta gabana, har gefen zanenta ya taɓa ƙafata. Ta je gaban Dung ta durƙusa, ta miƙa masa nonon da hannu biyu.

"Sha, ɗana. Ka yafe mana."

Ya karɓa ya sha, ya miƙo mini ragowar. Kafin hannuna ya kai, ta karɓe ƙwaryar ta juya ta koma ciki.

Shekara shida ta ƙara a duniya. Kullum da safe ina zuwa in gaishe ta daga bakin bukka, kuma har ta koma ga Allah ba ta amsa ba.